Tambayoyinku: Horon ƙwarewa na masu kula da lafiyar ƴan wasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama karatun aikin jinya, kuma nakan bi wata ƙungiyar ƙwallo ta ɗalibai ina duba waɗanda suka ji rauni. Na ji an ce a jami'o'in Amurka akwai horo na musamman bayan digiri ga masu irin wannan aiki. Me ake koyo a ciki, kuma zan iya shiga? Daga wani mai karatu, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri. Horon yana nan, amma ba da shi ake farawa ba. A Amurka mai kula da lafiyar ƴan wasa ma'aikacin lafiya ne, ba koci ba. Tun daga 2022 sai da digiri na biyu ake shiga sana'ar, a makarantar da CAATE, hukumar da ke tantance makarantun wannan sana'a, ta amince da ita. Daga nan mutum ya ci jarrabawar BOC, wato hukumar da ke ba da shaidar ƙwarewa a sana'ar, ya karɓi lasisin jihar da zai yi aiki, sannan ya nemi gurbin horon. Takardar jinya ta Nijar kaɗai ba ta buɗe wannan ƙofa.

Shi horon aƙalla wata 12 ne na cikakken aiki da albashi, a fanni guda, kamar ƙashi da gaɓoɓi, ko farfaɗo da mai rauni, ko agajin gaggawa. Abin da ya ba shi daraja shi ne akwai babba a kanka. Ka duba ɗan wasa, ka faɗi abin da kake zato, ƙwararre ya sake dubawa ya nuna maka inda ka kauce.

A ganinmu, abin da ya fi shafarka shi ne bugun zafi, tunda a Afrilu da Mayu zafin Damagaram kan haura digiri 40. In ɗan wasa ya faɗi yana sambatu ko yana tangaɗi, ta dubura ake auna zafin jikinsa, domin na baki da na hammata suna yaudara bayan gudu. In ya wuce 40, a fara sanyaya shi nan take kafin a nufi asibiti. A tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara har ƙirji, mutum ɗaya ya riƙe kansa, wani yana motsa ruwan, har zafin ya sauko wajen 39. Ana son a gama cikin minti 30. In babu baho, a kwantar da shi kan tamfol, mutane su ɗaga gefunan, a zuba ruwa da ƙanƙara a ciki. Kuskuren da ya fi kashewa shi ne a jefa shi mota da zafinsa, ko a ɗura masa ruwa alhali ba ya cikin hayyacinsa.

Targaɗen idon sawu kuma, in ya kasa taka ƙafa sau 4, ko ya ji zafi da ka danna bayan ƙashin idon sawun, a kai shi hoto kafin a je wurin maɗori. Wanda ya bugu a kai har ya ga jiri, kada ya koma wasa a ranar, ko da koci ya matsa.

Kafin wasanku na gaba, ka nemi wani likitan ƙashi a babban asibitin Damagaram ya yarda ka riƙa kai masa bayanin kowane rauni a rubuce, yana gyara maka.