Gonar da ba a yanka ba: amsa ga jikata

Amaryata,

Saƙonki ya iso ranar Talata. Uwargidanki ta sa na karanta mata shi har sau biyu, ta ce wai tun da kika haye teku kin fara yi wa mijinki jarrabawa. Lafiyarmu ƙalau, sai ƙafar nan tawa da ba ta shiri da hunturu.

Kin ce an kai ku wani tsohon gidan dutse kusa da Womelsdorf a jihar Fensilbaniya, gidan Conrad Weiser, kuma abin da mai yi muku bayani ya faɗa ya tsaya miki a rai: wai manoman Jamusawa na zamanin da Ingila ke mulkin Amurka ɗa ɗaya suke bar wa gona, uwa kuma a rubuta mata awon alkamarta a wasiyya kamar 'yar haya, sannan maza a gida duk sunansu Johann. Kika ce in gaya miki, al'ada ce wannan ko zalunci ne aka sa wa riga? Kin tambayi wanda ya ƙare ƙuruciyarsa da alli a hannu yana koyar da tarihi, don haka ki gyara zama.

Ba za ki gane abin da suka yi a Amurka ba sai kin san abin da ya koro su daga gida. Yawancinsu daga kudu maso yammacin Jamus suka fito, yankin kogin Rayin. Ƙasa ce da yaƙi ya tattake daga 1618 zuwa 1648, ba ta gama farfaɗowa ba sojojin Faransa suka sake shigowa a 1688 suna ƙona garuruwa. Sai kuma sanyin farkon 1709, wanda ya kashe itatuwan inabi da na marmari. Wannan duk littattafai sun faɗa. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne rabon gado. A mafi yawan yankin, in uba ya mutu, gonar kanta ake yankawa a ba kowane ɗa da kowace 'ya. Su ma in sun mutu a sake yankawa. Kafin a kai ga tattaɓa-kunne, mutum zai tashi da ƙyalle nan, ƙyalle can bayan gari, kowanne siriri kamar rawani, ga harajin sarki da na coci a kai. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ki riƙe wannan, shi ne amsar tambayarki.

Shi mai gidan da kika gani an haife shi a 1696 a ƙasar Württemberg, cikin Jamus ta yau. Mahaifiyarsa ta rasu a 1709, a shekarar ce uban ya kwashi 'ya'yansa takwas ya bi ayarin da ya nufi Landan. Jamusawa wajen 13,000 ne suka cika birnin a 'yan watanni, aka rasa yadda za a yi da su. A 1710 aka ɗebi kusan 3,000 aka kai Niyok tare da gwamna Robert Hunter, wai su riƙa tatsar ƙaron itace da ake shafa wa jiragen ruwan sarauniyar Ingila don su biya kuɗin da aka kashe musu. Aikin bai yi ba. Gwamna ya raba yara da yawa, musamman marayu, ga masu sana'a. Iyalan suka watse, wasu suka shiga kwarin Schoharie a tsakiyar ƙabilar Mohawk, 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar. Nan uban Conrad ya yi abin da mu za mu kira bayar da riƙo: ya miƙa yaron, yana ɗan shekara sha shida, ga wani shugaban Mohawk, ya yi hunturu a cikinsu da yunwa da sanyi har ya iya yarensu. Wannan yaren ne daga baya ya mai da manomi ya zama babban tafintan gwamnatin Fensilbaniya, shi ya yi tafinta a yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla da 'yan asalin ƙasar a garin Lancaster a 1744. Ya auri Anna Eva a 1720, ya sauko yankin Tulpehocken na Fensilbaniya da iyalinsa a 1729, ya kafa gonar da kika taka. Sun haifi sha huɗu, bakwai ne suka girma. Ki tsaya a kan wannan lissafin kaɗan. Rabin haihuwarta ta binne.

Waɗanda suka zo bayansu ta tashar Rotadam ta ƙasar Holan zuwa Filadelfiya, da yawa ko kuɗin jirgi ba su da shi. In jirgi ya tsaya, sai mai hali ya hau ya biya bashin, mutum ya yi masa bauta shekara uku zuwa shida, yara kuma har su kai ashirin da ɗaya. A nan ake raba miji da mata, uwa da ɗa. To wanda ya sha wannan kafin ya mallaki fili, ya sare daji da gatari, ya tone kututture ɗaya bayan ɗaya, kina ganin zai so a mai da gonar rawani bayan ransa?

Ga yadda suke yi. Uba zai sa a yi wa gona kuɗi. Ɗa ɗaya ya karɓe ta a kan wannan kuɗin, a cire nasa kason, saura ya zama bashi a wuyansa, yana biyan 'yan uwansa maza da mata kashi-kashi, shekara bayan shekara. Wani sai ya yi furfura bai gama ba. Kin ga ba kyauta aka yi masa ba, kaya aka ɗora masa. Sauran kuma ba a kore su hannu rabbana ba: da kuɗin nan wani ke sayen fili a gaba, shi ya sa za ki ga zuriyarsu ta malala zuwa Maryland da kwarin Shenandoah na Bajiniya. Wani kuma a koya masa ƙira, ko saƙa, ko jima. Sau da yawa ma ba babban ɗa ke zama a gonar ba, ƙarami ne, don lokacin da ƙarfin uba zai ƙare manyan sun daɗe da kafa nasu gidajen. Dokar Fensilbaniya ta lokacin, in mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, tana ba babban ɗa kaso biyu. Bajamushe da yawa ya rubuta wasiyya ne don ya kauce wa wannan, ya daidaita 'ya'yansa.

Abin da ya fi burge ni, kuma na san zai ba ki dariya, shi ne littafin gida. In 'ya za ta yi aure, a haɗa mata gado da shimfiɗa, da adaka mai zane wadda sau da yawa akan rubuta sunanta da shekara a jiki, da tukwane, da keken kaɗin zare, da saniya. Ba kayan ɗaki ke nan ba? Ɗa namiji kuma doki, da garma, da iri. Bambancinmu da su, uban zai buɗe littafi ya rubuta komai da kuɗinsa, har cokali. Ranar rabon gado a buɗe, a cire wa kowa abin da ya riga ya karɓa. Mu kuwa sai a yi shekara ashirin ana cewa ai wance an yi mata gado mai rumfa, ni ko katifa ce kawai, babu takarda, babu shaida, sai gaba. Na sasanta irin wannan rigima a danginmu fiye da yadda zan ƙirga, ba zan kama suna ba don kin san su.

Yanzu batun uwa, wanda ya fi ɓata miki rai. Na karanta irin waɗannan wasiyyoyi, kuma da farko ni ma abin ya yi mini nauyi. Mutum zai rubuta: matata za ta zauna a ɗaki mai murhu, kowace shekara a ba ta awo kaza na alkama da na wani hatsinsu mai jure sanyi, a kai niƙa a dawo mata da gari, a faskara mata itace a ajiye a bakin ƙofa, a ciyar mata da saniya tare da na gida, a bar mata gefe a lambu da rabo a itatuwan tuffa, a ba ta doki in za ta coci. Ki sake karanta wannan a hankali. Mutumin nan ya san duniya. Ya san ɗa na iya zama nagari amma matar ɗa ce mai riƙe da madafi, ya san kunya tana ƙarewa amma takarda ba ta ƙarewa, kotu kuma tana iya tilasta ɗan. Mu muna cewa ai uwa ce, wa zai wulaƙanta uwarsa? Ki je ki zaga ki ga tsofaffin da ke zaune a ɗakin baya suna jiran a tuna da su.

Amma ba zan wanke su tas ba. Yawancin wasiyyoyin suna ƙarawa da cewa duk wannan muddin ba ta sake aure ba. Ranar da ta yi, sai ta ɗauki abin da aka yanka mata ta fita. Ga matar da ta yi girbi kafaɗa da kafaɗa da miji, ta yi tatsa, ta kaɗa man shanu, ta yanka kabeji ta jiƙa shi da gishiri a ganga don hunturu, ta shanya tuffa, ta kaɗa zare ta tufatar da gida, amma ba ta mallaki taku ɗaya na ƙasar ba, ci kawai aka ba ta. A nan na fi son namu. Tumunin da shari'a ta ba matar mamaci nata ne halak malak, ta yi aure ko kada ta yi. Anna Eva ta rayu wajen shekara ashirin bayan rasuwar mijinta a 1760, ki kwatanta tsawon zaman da irin waɗannan sharuɗɗa ke iya ɗaure mace.

Akwai wani abin da masu bayani kan yi saurin wucewa. Gonar nan da ake ta tsoron yankawa, ƙasar wasu ce. Jamusawa sun fara zama a Tulpehocken tun 1723, ƙasar mutanen Lenape ce, 'yan asalin wurin, sun yi ƙorafi, ba a biya su ba sai 1732, bayan an riga an share an shuka. Wanda ya gudo daga rashin fili shi ya raba wani da nasa.

Batun suna mai sauƙi ne. Johann sunan Annabi Yahaya ne a harshensu, ana sa wa yaro a gaba don albarka, amma da na biyun ake kiransa. Shi mai gidan Johann Conrad ne, ubansa ma Johann Conrad. Mata kuma Anna ko Maria. Ke da kike da kawunnai huɗu duk Muhammadu, ɗaya Sani, ɗaya Salisu, ɗaya Rabi'u, ɗaya Auwalu, ban ga abin mamaki a nan ba.

Wani likitan Filadelfiya, Benjamin Rush, ya rubuta a 1789 cewa Bajamushe yakan gina wa dabbobinsa da amfanin gonarsa babban gini mai kyau tun shi yana cikin ɗan ƙaramin gidan katako. In kin sake fita ƙauye ki duba, za ki ga ginin a jingine da tudu, dabbobi a ƙasa, ciyawa da hatsi a sama, keken doki na shiga ta bayan tudun kai tsaye. Gidan kwana ya jira, rumbu ba ya jira.

Na san abin da ya sa tambayar ta ci ki, ko ba ki faɗa ba. Kin ji ana maganar gonar gandu ta ƙauye. Lokacin kakana, gandu ɗaya ne, kowa ya yi aiki a ciki da safe, da yamma ya tafi gayaunarsa. Aka raba a zamanin babana, aka sake rabawa a namu, yanzu abin da ya zo hannuna ko shanun huɗa ba sa gama miƙewa sai an juyo da su. Ban ce mu ɗauki dokar Jamusawa ba, Allah Ya riga Ya yanka wa kowa kasonsa, namiji da mace. Amma malamai sun yarda, bayan kowa ya san rabonsa, magada na iya yarda ɗaya ya saye na saura da kuɗi, ƙasa ta zauna a dunƙule. Na faɗa wa kawunnanki haka da sallah, biyu sun yarda, ɗaya ya ce zai yi tunani, ɗaya ya tashi ya fita wai ana kiransa a waya.

In kin samu hutu ki je wajen Lancaster, inda mutanen Amish suke, wata ɗarikar Kiristoci manoma masu riƙe da tsohuwar rayuwa. Har yau za ki ga ɗan ƙaramin gida manne da babban, nan tsofaffi ke komawa in sun miƙa gona, da yarensu gidan kaka suke ce masa. Ki ɗauko mini hotonsa daga waje, amma kada ki ɗauki mutanen, ba sa so. Uwargidanki ta ce ta gani tukuna kafin ta san ko za ta yarda a yi mana irinsa, kuma wai ki daina fita ba safa.

Kakanki.