Amsa ga Uwata: ruwan tsamiya, baƙi da mangwaron kango

Uwata,

Saƙonki ya iso, na saurare shi har ƙarshe. Tambaya biyu kika yi, ko da yake ɓacin rai ya sa kin cakuɗa su wuri guda. Dangin maigidanki za su zo daga Zariya ganin ɗaki, kin yi niyyar tarbarsu da zoɓo da ruwan tsamiya haɗin hannunki, sai maƙwabciyarki ta ce amarya ba ta haka, za a ce rowa gare ki ko kuma babu ta kama ku tun yanzu, wai katan ɗin lemon kwalba shi ne fita kunya. Sai kuma mangwaron kangon bayanku da ya miƙo rassa cikin tsakar gidanki, kina tambaya ko ya halatta ki tsinka ki yi lemo da shi.

A gidan Bahaushe abin da ake fara miƙa wa baƙo ruwa ne, a kwanon sha mai tsabta, da hannu biyu, kafin ma a gama gaisawa. Bayansa sai abin da gidan ya sarrafa: fura, ko kunun zaƙi, ko farau-farau, ko jiƙon tsamiya idan lokacin zafi ne. Haka kakarki, wadda kika ci sunanta, ta tarbi surukanta, haka ta tarbi namu. Lemon kwalba daga baya ya shigo. Muna yara a Tudun Wada ta Kaduna, lokacin masaƙun Kakuri na aiki ba dare ba rana (ta farkonsu tun 1957 aka buɗe ta), mai albashi shi ke sayen kwalba, ita ma sai Sallah ko suna. A wancan zamani ajiye wa baƙo kwalba sanarwa ce cewa maigida yana ɗaukar albashi. Daga nan mutane suka mayar da ita ma'aunin mutunci. Da tsadar rayuwa ta taso daga 1986, sannan masaƙun suka yi ta rufewa bayan shekarar 2000, matan ma'aikata da yawa da zoɓon leda da kunun aya suka riƙe gida, suka biya kuɗin makaranta. A ganina tun daga nan wasu suka fara yi wa zoɓo kallon abin shan wanda ya rasa. Maƙwabciyarki wannan kallon ta gada, ba al'ada ba.

Rowa a wurin tarbar baƙo sananniya ce. Ki ɓoye mai kyau a ɗaki ki fito da ragowa, ko ki tsinka zoɓo da ruwa har ya koma kamar wankin jan zane, ko ki tsaya kina ƙirga kofuna da ido. Wadda ta wuni tana jiƙo da tata da daka kayan ƙamshi ba ta yi ko ɗaya daga ciki ba. Surukarki Bazazzagiya ce, ta san wahalar abin, kuma da kurɓa ɗaya za ta gane ko hannunki ya faɗa. Kwalba kuwa ba ta shaidar kowa, ɗanɗanonta ɗaya ne a gidan mai kirki da na marowaci. Duk da haka ki sa maigidanki ya sayo 'yan kwalabe kaɗan saboda yara da direba, da ruwan gora a rufe saboda mai tsantseni. Babu aibu a wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ku ci bashin katan-katan a watanku na farko don bakin wata.

Sai dai abin hannu yana da sharuɗɗa, kuma a nan ne 'yan zamaninku ke zubar mana da mutuncinsa.

Ruwa tukuna. Ruwan 'yan garuwa da na rijiya, tafasa shi ki bari ya huce kafin ya taɓa tsamiya, musamman da damina lokacin amai da gudawa. Ƙanƙarar da za ki saya kada ki jefa ta ciki, ba ki san ruwan da aka ɗaura ta da shi ba. Ki jera robobinki a kula ki zuba ta a gefe. Tsofaffin gorunan da yara ke tsintowa a bola su sayar kuwa, ko kyauta aka ba ki kada su shigo miki gida. Jug mai murfi da kofunan gilashin da aka jera miki sun isa.

Tsamiya ki nemi curi mai duhu mai danƙo, ki duba ko ƙwaro ya huda ƙwallayen. Ki ɗauraye, ki jiƙa a ruwan ɗumi kamar awa biyu, ki dama da hannu har naman ya rabu da ƙwallo, ki tace da rariya, ki sake tacewa da farin ƙyalle. Citta da kanumfari da ɗan masoro daban ake tafasa su, a tace, a zuba a hankali ana ɗanɗanawa. Masoro kaɗan, idan ya yi yawa maƙogwaro yake kamawa. Citta ta yi tsada tun da cuta ta faɗa wa gonakin Kachia da Jaba da Kagarko a daminar 2023, don haka busasshiya ki saya ki daka da kanki. Garin da ake aunawa a kasuwa ba kullum yake zalla ba. Zoɓo kuwa rairayi ne abokin gabansa. Wanke shi sau uku cikin hanzari, kada ki bar shi ya jiƙa a ruwan wanki jansa ya tafi. Ki tafasa shi da ɓawon abarba da kika goge tas, naman abarbar ki yanka wa baƙi a faranti. Kuɗi ɗaya, amfani biyu. Ban son kanwa a zoɓo, tana kashe tsaminsa ta kuma baƙanta shi, kuma ban son garin kala da ƙamshin leda da ake barbaɗawa yanzu. Idan ya huce ki juye daga tukunyar dalma, abu mai tsami ba ya kwana a cikinta.

Idan kina son abin da zai sa tsofaffin cikinsu su tuna gida, ki yi musu kwalba da nono. Garin 'ya'yan kuka ake jiƙawa, a tace zare da ƙwallo, a sa madara ko kindirmo. Ko goruba: a daka a turmi har ɓawon mai zaƙi ya saki, a jiƙa ko a ɗan tafasa, a tace. Ita goruba sukari kaɗan take buƙata.

Maganar sukari ki riƙe ta da kyau, don ciwon sukari da hawan jini sun yi yawa a manya. Ƙaramar kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9. Idan kika zuba wa zoɓonki kwatankwacin haka, kuɗi kawai kika rage, lafiya ba ki ƙara wa kowa ba. Ki raba jug ɗaya marar sukari ki ajiye, ki faɗa da bakinki cewa ga na masu ƙauracewa zaƙi. Sauran ki gwada mazarƙwaila, ta wajen Maƙarfi da ake kawowa, ko dabino da kika jiƙa kika markaɗa. Zoɓo yana ɗan sauke jini, don haka mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu ba a cika musu kofi a ƙara. Ke ma idan Allah Ya kawo rabo ki tambayi ma'aikatan awo. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai shekara ba.

Sai lokaci. Jiƙon 'ya'yan itace rai gare shi, yana juyawa. A Islamiyya an karantar da mu hadisin Ibn Abbas da ke cikin Muslim, cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha a ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. To a zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu, ga wuta ba ta tsayawa, ko kwana biyu ba ya kaiwa. Ki haɗa da asubar ranar da za su zo. Duk wanda ya fara kumfa shi kaɗai, ko robar ta kumbura, ko ya yi huci da kika buɗe, zubar da shi za ki yi, ba a yi masa tattali.

Yanzu mangwaro. A ƙasar Hausa itacen da ke gona ko fili yana da mai shi, ko da ba a ga kowa a gindinsa ba. Ɗorawa da kuka da tsamiya har gadonsu ake ci, wani lokaci gona ta faɗa hannun wani, ɗorawar cikinta ta zama ta wata 'yar'uwarsa. Wanda aka ba aron gona ba ya taɓa kalwa sai da izini, don ita ce daddawar gidan ta shekara, garin ɗorawar na yara, makubar ta daɓe. Idan mai itace ya kewaye gindinsa da ƙaya, ya yi magana ke nan. Amma al'adar ba ta ƙuntata ba. Matafiyi ko yaro mai jin yunwa ya tsinci abin da ya faɗo ya ci a nan gindin bishiya, babu mai ce masa ɓarawo. Ɗaure buhu a tafi da shi kasuwa shi ne ake kai ƙara wurin mai unguwa. Malamai ma sun kawo hadisi mai wannan ma'ana, cewa mabuƙaci ya ci da bakinsa, kada ya ƙunsa a riga. Haka kala take bayan girbi, da roron gyaɗa: sai mai gona ya kwashe nasa, sannan mata da yara su shiga.

Saboda haka wanda ya faɗo tsakar gidanki da kansa ki ci, ke kike sharar ganyensa. Amma sa gora a kakkaɓe reshe, ko aika almajiri ya haura katanga, wannan sai an tambaya. Kango a Kaduna ba ya rasa mai shi, kuma maigadi ko mai unguwa ya san inda yake. Maigidanki ne zai je, ba ke ba. Da wuya a hana, galibi ma cewa za a yi ku tsinka kafin yara su farfasa wa mutane kwanon rufi da jifa. Idan an ba ku, kwaryar farko gidan mai itacen take zuwa, ta biyu maƙwabta, har da ita mai maganar katan. Sauran ki zaɓi nunannu, ki wanke, ki matse ki tace, ki ɗiga lemun tsami. Shi ma a ranar ake shanye shi.

Na daji shi ne na kowa. Da can da an fita bayan gari ta hanyar Kujama ko ta Birnin Gwari, ɗinya ce da 'ya'yan tsada da gwandar daji da kaɗanya, kowanne da lokacinsa: ɗorawa da bazara, kaɗanya da faɗuwar ruwa, ɗinya wajen ƙarshen damina, har a dafa ta a yi maɗi. Goruba da aduwa da magarya ba namu ba ne sosai, sun fi son ƙasa mai yashi, daga arewa ake sauke mana su da rani. Ko a dajin akwai ladabi. Ba a karya reshe don 'ya'ya, ba a tsinke ɗanye, ba a ƙwaƙule itace tas, kuma abin da ba ki sani ba ba ki kai shi baki don kin ga tsuntsu na ci. Yau ba zan ce ki taka ko nan da can ba. Kin san abin da dajin Birnin Gwari da Chikun da Kajuru suka gani a shekarun nan, ga masu gawayi sun bi kaɗanya da ɗorawa da gatari, abin da iyayenmu ke ɗauka babban abin kunya. Matan ƙauye da ke kawo ɗinya da 'ya'yan tsada a kwarya bakin kasuwar Kawo su suka ɗauki kasadar a madadinki. Idan kin tsaya saya, kada ki yi musu tayin wulaƙanci.

Ganyaye ma haka. Tafasa da rama da lalo da gasaya har yanzu suna fitowa a filayen unguwa da damina, amma yanzu ko'ina feshin kashe ciyawa ake yi, ga kwata, ga bola. Na bakin titi da na gefen magudana ki bar wa awaki. Ki dasa zogale biyu a jikin katangarki, ki shuka yakuwa da na'ana'a a tsohon bokiti ko buhun siminti. Yakuwar nan ita ce dai zoɓon: ganyen na miya da fate, idan kin samu irin ja kuma da kaka ki tsinke kawunan ki shanya.

Tattalin gaske a kaka ake yinsa. Daga Nuwamba zuwa Janairu zoɓo da citta suna shigowa sababbi, tsamiya da kuka suna biyo baya. A lokacin ake sayen mudu-mudu, a ƙara shanyawa a inuwa, a zuba a bokiti mai murfi, a ɗora a kan katako don sanyin ƙasa. Wadda ta jira sai azumi ya kama ta tafi kasuwar Bakin Dogo neman tsamiyar kunu, ita ke sayen ƙulli a kuɗin mudu. Idan kin shiga adashi, ki nemi kwasarki ta faɗo a wannan tsakanin.

Ina da curin tsamiya da garin 'ya'yan kuka na bara a ajiye, masu kyau ne. Ki turo ƙaninki ranar Alhamis bayan la'asar ya karɓa, ya zo da roba mai murfi, zan haɗa masa da farin ƙyallen tata. Ki gwada haɗin sau ɗaya kafin ranar, ki ba maigidanki ya ɗanɗana, ki kira ni ki faɗa mini ko masoron ya yi yawa. Ki gaishe shi, ki ce ina jiran labarin mai kangon.

Gwaggonki