Hawa Burj Khalifa don ɗaukar hoto, wane lokaci ya fi?

Ɗan'uwa ka ce za ka shiga Dubai saro kaya kana so ka hau Burj Khalifa, kana tambayar lokacin da hoto ya fi kyau. To ni dai shawarata ka yanki tikitin bayan la'asar, ka kama garin da haske kuma ka tsaya har magariba fitilu su kunnu, sai dai fa tikitin lokacin faɗuwar rana ya fi tsada kuma cunkoso ba a magana, don haka ka saya ta intanet tun kafin ranar.

Ginin mita 828 ne amma ba can ƙololuwa za a kai ka ba, tikitin gama-gari hawa na 124 da 125 ne, akwai na 148 mai tsada sosai, wallahi in hoto kawai kake so 124 ya ishe ka tunda yana da baranda a waje. Ta cikin Dubai Mall ake shiga, in daga unguwar Deira kake ka hau metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, ka bi jan layi, kuma ka fita da wuri don tafiyar ƙafa daga tasha zuwa mol ɗin tana da tsawo.

Wajen hoto gilashi ne matsala. Ka kashe filashi, ka goge kyamarar ka manna wayar jikin gilashin, kuma kar ka sa farar shadda don kanka za ka riƙa gani a hoton. Lokacin zafi hazo yana rufe gari kamar Kano da hunturu, Nuwamba zuwa Maris sama ta fi washewa.