Robar sabulu koriya mai zanen ganye, da gaske ta fi sauran?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai yara huɗu a Kano, na shiga wani babban kanti na ga sabulun wanke-wanke na ruwa, robarsa koriya shar an zana ganye a jiki an rubuta "natural" da "eco-friendly", kuɗinsa ya kusa ninka wanda na saba saya. Ƙawata tace shi zan dinga ɗauka wai ya fi lafiya ga yara kuma baya ɓata muhalli. Dan Allah ta yaya zan gane na gaskiya da wanda talla ce kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Gaskiya koren launi da hoton ganye ba shaida bane ko kaɗan, kowane kamfani zai iya bugawa a robarsa ba wanda zai tambaye shi hujja, haka su ma waɗancan kalmomi biyu da kika gani. A 2020 Tarayyar Turai ta bincika irin waɗannan iƙirari na kare muhalli da ake rubutawa a kan kaya, sai ta samu kashi 53 cikin 100 ko dai maganar a dunƙule take ko ta yaudara ce ko kuma bata da tushe. To kinga can ma kenan inda ake sa ido sosai.

Dan haka ki juya robar ki karanta bayanta. In ba a jera abubuwan da aka haɗa sabulun da su ba, ni a wajena magana ta ƙare, ki mayar dashi kan kanta. In kuma aka rubuta wai babu sinadari a ciki to wannan ƙarya ce tsagwaronta, ruwa ma sinadari ne, ko sabulun gargajiya baya yiwuwa sai an haɗa mai da soda ko toka. Tambarin da ake iya dogara dashi shine wanda wata hukuma daban ta bayar bayan gwaji, kamar Blue Angel na Jamus da yake tun 1978, ko furen EU Ecolabel na Turai tun 1992, ko Safer Choice na hukumar muhallin Amurka. Lambar NAFDAC dole ki duba ta, amma ki sani abinda take nunawa an yi wa kayan rajista ne, bata ce komai ba game da inda ruwan wankinki zai je.

Kuma nan ne abin ya fi damuna wallahi. Ruwan wanki da wanke-wanke na gidaje da yawa a cikin birnin Kano kwata yake bi ya gangara kogin Jakara, kuma a bakin ruwan nan akwai masu noman rani suna ban ruwan latas da alayyahu da kabeji dashi, wanda ƙarshe kasuwa zai zo mu saya mu kai gida. Shi yasa nake so ki riƙe sunan fosfet. Ana zuba shi a omo dan ya tausasa ruwa wanki ya fita, amma in ya shiga kogi ko tafki sai ya zama taki ga gansakuka, ta yaɗu ta rufe saman ruwan, in ta ruɓe ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Turai ta taƙaita shi a omon wanki na gida tun 2013. A jikin leda zaki ganshi da harufan STPP, kuma abin da mutane basu sani ba shine da yawa daga cikin 'yan'uwa mata masu haɗa sabulun ruwa a gida suna zubawa a robar lemo su sayar, da shi aka koya musu haɗawa, wasu harda fomalin dan kar ya lalace, shi kuwa fomalin ruwan da ake adana gawa ne dashi a asibiti kuma hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa sinadarinsa cikin masu jawo cutar daji tun 2004. Ba cewa nake ki daina saya a wajensu ba, sana'a ce mai rufin asiri, amma ki tambayi mai haɗawar me ta zuba, akwai masu yi ba tare da waɗannan biyun ba kuma yana wanki tas.

Wanda aka rubuta yana kashe ƙwayoyin cuta shima kar ya ruɗe ki. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa triclosan da wasu sinadarai 18 a sabulun wanke hannu da jiki, saboda kamfanonin sun kasa nuna ya fi sabulu da ruwa kawai amfani. Wanda kuma yace daga tsirrai aka yi shi, galibi man ja ne ko man ƙwararsa, kuma an sare dazuzzuka masu yawa a Indonesiya da Malesiya dan noman sa.

Sai maganar roba. Alamar kibiyoyi uku mai lamba a tsakiya nau'in robar kawai take faɗa, ba alƙawarin za a sake sarrafa ta bane. Mai lamba 1 da 2 'yan jari bola suna ɗauka, amma 'yan ƙananan ledojin omo na wanki ɗaya ba mai saye, su ne kike gani sun toshe kwalbati da damina. In da hali ki sayi babba guda ɗaya ko ki riƙe jarka a dinga cika miki. Kuma ki rage zubawa, yawan kumfa ba shine tsafta ba, ƙarin ruwan ɗauraya kawai yake ci, mu da muke sayen ruwa a wajen 'yan garuwa.

Abubuwan iyayenmu har yanzu suna aiki. Toka da ɗan sabulu a soso na cire baƙin gindin tukunya, jiƙaƙƙiyar kanwa na yanke maiƙo, lemon tsami ko kal (wato binega) na cire farin dattin da ruwan rijiya ke bari a famfo da buta, sabulun salo na asali kuma toka ce da mai. Amma kar ki haɗa kal da kanwa wuri ɗaya dan kinga yana tafasa, kashe ƙarfin juna suke yi. Kuma basa maye gurbin bilic, in akwai mai amai da gudawa a gida ko lokacin kwalara to Hypo ko Jik zaki tsarma da ruwa yadda aka rubuta a jiki ki wanke banɗaki da fo ɗin yara, wannan ba wajen gwada lemon tsami bane. Sai dai dan Allah kar ki taɓa gauraya bilic da ruwan wanke masai mai asid ko da kal, iskar kulorin ce ke tashi mai ƙona ido da huhu. In hakan ta faru ki fita da yaran nan take ki bar ƙofa da taga a buɗe, wanda numfashinsa ya sarƙe a wuce dashi asibiti.