Na shirya rubutun sirri goma sha biyu, me ya sa 'yan wasa suka watse?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokaina uku muna son shirya wasan ARG, irin wanda ake warwatsa labari a shafukan intanet da saƙonnin waya da wurare na zahiri, 'yan wasa su bi sawu su harhaɗa shi. Na tanadi rubutun sirri goma sha biyu masu wuyar gaske, amma da na gwada wa mutane, rubutu biyu kawai suka warware suka kama gabansu. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwaɗo goma sha biyu ka saya, amma ba ka gina ɗakin da za su kulle ba. Mutum ba ya ɓata darensa a kan kwaɗo sai in ransa ya biya da abin da ke bayan ƙofar.

Dubi yadda The Beast ya fara a 2001, wasan da wata ƙaramar tawaga a Microsoft ta shirya don tallata fim ɗin A.I. na Steven Spielberg, wanda galibi daga kansa ake fara lissafin wannan fanni. A cikin jerin sunayen ma'aikatan fim ɗin da ke jikin talla, an saka wata Jeanine Salla, aka ce aikinta kula da lafiyar tunanin na'urori masu hankali. Babu irin wannan sana'a a duniya. Wanda abin ya tsaya masa a rai ya nemi sunan a intanet, sai ya faɗa cikin shafukan da ke magana kamar ana shekarar 2142, ya kuma tarar an kashe wani mutum mai suna Evan Chan. Ka ga abu biyu a nan: ɗan abin da bai zauna daidai ba, wanda mai lura kaɗai zai tsinta, da tambayar da za a iya faɗa da numfashi ɗaya, wato wa ya kashe shi? In ba za ka iya faɗin tambayar wasanka haka ba, to da sauran aiki. Kuma kada ka yi ƙofa ɗaya tak, yi uku ko huɗu, domin yawancin mutane za su wuce ta farko ba su gan ta ba.

Yanzu ga inda nake so ka fi tsayawa. Kana tsara wasan kamar mutum ɗaya ne zai zauna ya yi ta kokawa da shi, alhali taro ne zai buga. 'Yan wasan The Beast sun haɗu a wani zauren tattaunawa na Yahoo a intanet, suka kira kansu Cloudmakers, yawansu ya kai dubbai. Elan Lee, ɗaya daga cikin masu shirya wasan, ya ba da labarin cewa abin da suka tanada na wata uku, jama'ar nan sun gama da shi a rana ɗaya. Duk wuyar rubutun sirri, a cikin taro akwai wanda ya san shi, kuma da ya warware ya sanar, sauran sun zama 'yan kallo. Ƙara wuya ba ya maganin wannan. Maganinsa shi ne ka rarraba aikin yadda hannu ɗaya ba zai ɗauki jinka ba.

I Love Bees, wasan da aka yi a 2004 don tallata wasan bidiyo na Halo 2, ya nuna yadda ake yi. An saki lambobin da ke nuna wuri a taswira fiye da ɗari biyu, kowace da lokacinta. Da aka bincika, sai aka ga wuraren wayoyin kan titi ne a sassan Amurka. In lokaci ya yi wayar ta yi ƙara, wanda ke tsaye a wurin ya ɗauka, ya ba da amsar da ake nema, sai wani guntun wasan kwaikwayo na murya ya buɗe wa kowa da kowa. Ɗaukar waya ba ta buƙatar gwaninta, amma wanda ya ɗauka ya san cewa ba don shi ba, da wannan guntun bai fito ba. Wannan jin shi ne ke dawo da mutum gobe.

Kai ma za ka iya yin haka da ƙaramin ƙarfi. A ce labarinka na wata mai bincike ce da ta ɓace ta bar wasiƙa. Raba wasiƙar huɗu. Kashi ɗaya yana cikin saƙon murya, inda ake jin ƙwanƙwasa a bayan maganarta, sai mai kunne ya gane ƙirga ce. Na biyu yana cikin hoton teburinta, a jikin kalanda da aka zagaye wasu ranaku. Na uku sai wani ya taka da ƙafarsa ya karanto shi a allon sanarwa. Na huɗu kuwa yana hannun ƙanenta, wanda ba zai bayar ba sai an rubuta masa an lallashe shi ya yarda da mai tambaya. Mai kunne, mai ido, mai ƙafa da mai iya magana, kowa ya sami abin yi. Na huɗun nan na fi so, domin ranar da ɗan wasa ya aika saƙo ga mutumin cikin labari kuma amsa ta dawo da sunansa a kai, ranar ce wasan ya kama shi.

Kowane kwaɗo ka yi masa tambaya biyu. In an buɗe, me ya ƙaru a labarin? Kuma ta yaya mai buɗewa zai tabbata ya dace? Amsa ta zama kalma mai ma'ana ko adireshin shafi da ke buɗewa, ba tarin haruffan da za a yi ta musu a kansu ba. In sun maƙale kwana biyu, kada ka fito da kanka ka yi bayani, bari wani a cikin labarin ya yi suɓutar baki.

Ka sa ranakun da sabon abu ke fitowa su zama sanannu, ka kuma tanadi inda wanda ya zo a makare zai karanta abin da ya wuce cikin minti biyar. Ku huɗu ne, don haka ɗaya ya zama aikinsa kawai karanta hirar 'yan wasa. Sau da yawa hasashensu ya fi abin da kuka rubuta daɗi, kuma babu laifi ku karkata labarin ya bi ta can.

Sai batun labule, wato ɓuyan masu shirya wasa. Ƙa'idar fannin ita ce wasa ba ya furta cewa shi wasa ne, amma wannan tsakaninka da wanda ya shigo da yardarsa ne. Mai wucewa bai yarda da komai ba. A Janairun 2007 an liƙa wasu allunan fitilu a birnin Boston don tallar wani shirin zane, aka ɗauke su bama-bamai, aka rufe hanyoyi, daga baya kamfanonin da abin ya shafa suka biya dala miliyan biyu. Ba ARG ba ne, amma darasin naku ne. Kada ku ajiye ƙunshi a wurin jama'a ba da izinin masu wurin ba, kada ku tura kowa gidan wani ko wuri mai haɗari, kada ku sa lambar waya ko sunan mutumin gaske. Ku zaɓi wata 'yar alama da za ta bayyana a jikin duk abin da ke na wasan, yadda in babu ita ɗan wasa zai san ya fita daga fili, ku kuma bar adireshi ɗaya da za a same ku a matsayinku na masu shiryawa.

A cikin goma sha biyun nan zaɓi uku, ka ajiye sauran. Rubuta wanda ya ɓace, da wanda ke nemansa, da dalilin da ya sa aka ɓoye kowane saƙo. Ka buga shi na mako biyu da mutum ashirin, ka rubuta ranar da hirarsu ta fi zafi da ranar da ta mutu, sannan ka sake rubuto mini mu duba abin da ya faru a waɗannan ranaku biyu.