Tambayi Mai Lambu: Tumatirin Hajiya da Baƙar Ƙasar Malam

Saƙonnin wannan makon duk daga nan Kumasi suka zo, kuma akasari na masu shuka a bokiti ne, tunda tsakar gidan haya siminti ce.

Wata Hajiya daga Aboabo ta rubuto: "Tumatirina bokiti shida, sun yi kore shar har sun fara fure. Ran nan da rana sai guda biyu suka langaɓe, da dare suka miƙe, washegari suka kwanta gaba ɗaya, ganyen ko rawaya bai yi ba. An ce in je kasuwar Kejetia in sayo maganin feshi. Wanne zan saya?"

Hajiya, ki riƙe kuɗinki tukuna. Ki tuge ɗaya daga cikin waɗanda suka kwanta, ki yanke karan dab da saiwa, ki tsoma bakin yankan a kofin gilashi mai ruwa garai, kada ki motsa. Ki zuba ido minti biyar. In kin ga wani farin abu yana zirarowa daga karan kamar zaren madara, to ƙwayar cuta ce da ke zaune cikin ƙasa. Ta saiwa take shiga, ta toshe hanyar ruwa, shi ya sa shukar ke mutuwa da ƙishi alhali ƙasar a jiƙe take. Babu feshin da ke warkar da ita, ko mai shago ya rantse miki da abin da zai kashe shi. Ƙasarmu mai zafi da laima ita ce gidanta, musamman a babbar damina, daga Afrilu zuwa Yuli.

Ki ƙone waɗanda suka kamu, ki janye sauran bokitan nesa, kada ruwan da ya fito daga gindin wani ya gangara zuwa wani. Wuƙar ma ki wanke ta da sabulu. Ƙasar nan kuwa kada ta sake ganin tumatir, barkono ko gauta, domin dangi ɗaya ne, cutar ɗaya ke cin su. Ki zuba mata alayyafo ko albasa mai ganye.

In ruwan kofin bai nuna komai ba, ki duba saiwar. Idan ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, tsutsar ƙasa ce wadda ido ba ya gani. Ita ma maganinta sabuwar ƙasa, ba kwalba ba.

Wani Malam daga Asawase ya tambaya: "Masu aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, na kawo baƙar ƙasa, a gonar kaji kuma ana sayar da kashin kaji buhu-buhu. Ga takin zamani NPK 15-15-15. Wanne ya fi dacewa da mai galan goma?"

Malam, baƙar ƙasa ba duka ce ta kirki ba. Ni ma an taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa: lodi guda na saya don na ga ta yi baƙi ƙirin, ashe daga tsohuwar bola aka kwaso ta. Sati biyu ina tsintar fasassun kwalabe da batir da leda, na kuma yanke a yatsa. Tun daga ranar ba na biya sai na sa hannu. Ka ɗebi cikin tafi, ka ɗan jiƙa, ka dunƙule. In ta dunƙulu amma ta wargaje da ka taɓa ta da yatsa, ta yi. In ta manne kamar yumɓun tukunya, za ta shaƙe saiwa a galan.

Kashin kaji shi ne arziƙin Kumasi, ga shi da araha, amma ɗanye yana ƙona shuka. Ka tura hannu cikin buhun. In da ɗumi, ko warin ya hau maka hanci har ido ya yi ƙwalla, bai nuna ba. Ka tara shi a inuwa, ka yayyafa ruwa, ka riƙa juyawa duk sati biyu, wata biyu zuwa uku sai ya koma kamar ƙasa. Yawanci a haɗe yake da dusar katako da ake shimfiɗa wa kajin, ita ma in ba ta ruɓe ba, abincin shukar take sha. Don haka kada ka je kasuwar katako ta Sokoban ka kwaso ɗanyar dusa ka cakuɗa wai don ƙasa ta yi laushi. Kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, da ɗan yashin rafi, ya wadatar. Galan Kufuor ɗin nan, wato jarkar roba mai ruwan ɗorawa, ka yanke saman, ka huda gindin wuri biyar ko shida, ka ɗora kan duwatsu. NPK kuwa ƙaramin ƙulli ya ishe ka: murfin kwalba ɗaya a galan, nesa da kara, sai a bi da ruwa. In ka cika hannu, ganye za ka samu har ya rufe katanga, ɗa ko ɗaya babu.

Wata yarinya daga Tafo ta ce ta ajiye irin tumatir mai kyau da ta saya a kasuwa, shin ta shuka ko ta sayi na fakiti?

'Yata, in na gargajiya ne, shuka abinki. Amma da yawa daga manyan nan masu santsi irin aure ne, wanda ake rubuta wa F1 a jikin fakiti, 'ya'yansa ba sa gadon uwarsu. Ki sayi ƙaramin fakitin irin tumatir na Pectomech, ki duba ranar lalacewa, kada ki karɓi wanda ya kwana a rana kan tebur. Kafin ki shuka, ki sa ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma kwana bakwai. In ƙasa da bakwai suka tsiro, ki koma wa mai shago da fakitinsa.