Amsa: Kayan da ake saya wa Remington 1858 mai cin albarushi

Malam, ka ce ka sayi Remington 1858, ƙaramar bindigar hannu da ake ɗurawa da albarushi, ƙirar kamfanin Pietta, mai bakin .44, a can Amurka, kana tambayar abin da za ka haɗa kafin ka je filin harbi. Fara da harsashi, don nan sababbin shiga suka fi yin kuskure.

Ƙwallon darma zalla ake so, mai laushi, kuma dole ya ɗara ramin silinda kaɗan, wato gangar nan mai juyawa da ake ɗura harsashi a ramukanta. Ga taka, nemi mai faɗin inci .454. Ana sayar da .451, amma a wasu bindigogin yakan shiga sakwa-sakwa. Alamar ya yi daidai: in ka danna shi da sandar ɗuri, bakin ramin zai aske masa siririn zoben darma, cikakke, ba yankakke ba. In zoben bai fita ba, akwai kafar da wuta za ta bi ta tayar da ramin da ke gefe, biyu ko uku su tashi lokaci guda. Darma mai gauraye ta yi tauri, tana iya lanƙwasa sandar ɗurin.

Albarushi kuwa, mai lamba FFFg, lambar da ke nuna girman ƙwayarsa. Goex, Swiss ko Schuetzen duk sun yi. In shagunan kusa ba su da shi, Pyrodex P, wato madadin albarushi, zai wadatar. Triple Seven, shi ma madadi ne, ya fi ƙarfi, sai ka rage kashi 15 cikin ɗari. Fara da giren (awon da ake auna albarushi da shi) 20 zuwa 25, kada ka haura 30. In jikin bindigar na tagulla ne, tsaya a 20 ko ƙasa, don yawan ɗuri yana sassauta shi. Da ma'auni ake auna shi, daga gora zuwa ma'auni, daga ma'auni zuwa rami. Kada ka tsiyaya daga gora kai tsaye: tartsatsi ɗaya da ya rage a ciki ya isa ya tayar da gorar a hannunka. Don Allah, garin harsashin zamani marar hayaƙi ko ƙwaya ɗaya kada ya shiga wannan bindiga, fasa ta zai yi. Kuma harsashi ya zauna daram a kan albarushi, ba sarari a tsakani.

Kaf, wato ɗan ƙoƙon da kunama ke sara, lamba 10 ne ko 11, amma na kamfanin CCI da na Remington ba girmansu ɗaya ba ko da lambar ta zo ɗaya. Sayi gwangwani ɗai-ɗai ka gwada. Remington lamba 10 yakan zauna da kyau a Pietta. Wanda ya yi yawa zai faɗo da girgizar harbi, ya bar ƙofa a buɗe wa wuta. Wanda ya matse ba ya kaiwa ƙasa, sai an sara sau biyu.

Tsakanin albarushi da harsashi sa ɗan faifan ulu mai maiƙo, ko ka shafe saman harsashi da haɗin kakin zuma da kitsen rago. Man da aka samo daga fetur, in ya haɗu da tokar albarushi, daskarewa yake kamar kwalta.

Sauran: sifanar cire hancin da ake ɗora kaf a kai, siririyar waya ta huda shi, tabarau da abin toshe kunne. A wanke ta ranar da aka yi harbi, da ruwan zafi da sabulu, a busar sarai sannan a shafa mai irin Ballistol, don tokar tana jan laima, kwana ɗaya tsatsa ta fara.